Hafsatu, Kafin Ki Tsaya Gaban Allo

Bagudo, Jihar Kebbi.

Zuwa ga ɗiyata Hafsatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ya tsare ki a hanya, ya tsare ki a masauki, ya haɗa ki da mutanen kirki a garin da ba ki san kowa ba. Na san za ki yi dariya, tunda ga ki can ɗakinki kina ninke kaya, ni kuma ina nan ƙarƙashin mangwaron tsakar gida ina rubuto miki wasiƙa kamar wadda ta tafi Makka. To, akwai maganar da take yi wa baki nauyi. Zan sa ta cikin jakarki, ki karanta in kin sauka kin huta.

Tun ranar da kika shigo da labarin jami'a ta ɗauke ki aikin koyarwa, ba na zama bayan azahar ban tafi wata duniya ba. Ido biyu nake, amma sai in gan ni yarinya a cikin kwalekwale, mun taso daga ƙauyenmu na wajen Illo za a kai ni makaranta, akwatin ƙarfena tsakanin ƙafafuna, Kwara ta cika ta batse har ba a ganin ɗaya gaɓar. Tururi na tashi daga ruwa, balbelu na ƙetare mu ƙasa-ƙasa, ni kuwa ina jin in na tsallake wannan kogi babu abin da zai gagare ni a duniya. Irin wannan kallon nake gani a idonki kwanakin nan, kuma ba na son kowa ya kashe miki shi.

Kin san na koyar a jami'a, a sashen kimiyyar amfanin gona, har na yi ritaya na dawo gida. Kina 'yar sakandare kin taɓa tambayata me ya sa abokan aikina duk ake ce musu Farfesa, ni kuwa Malama. Na ce miki rabo ne. Akwai rabo, ba na musu. Amma amsar ba ta cika ba, yau nake son in cika miki ita.

Lokacin da aka ɗauke ni, ni kaɗai ce mace a sashen. A taron farko da na zauna, shugaban sashenmu, Farfesa Garba, mutum mai fara'a da yawan barkwanci, ya dube ni ya ce wa sauran, "Alhamdu lillahi, yau sashe ya samu uwa." Aka yi dariya, ni ma na yi, har na ji daɗi a raina. Sai ya turo mini takarda da biro ya ce, "Hajiya, rubutun mata ya fi tsabta. Ki riƙa ɗaukar mana bayanin taro." Ban ma je Makka ba a lokacin, amma Hajiyar ta bi ni har na bar aiki.

Daga rubutun taro sai shayin taro. Daga shayi sai gudummawar biki da suna da ta'aziyya. In ɗaliba ta suma a aji, ni ake nema. In wata ta yi rigima da mai gadin hostal, ni ake nema. Ƙofar ofishina ba ta rufuwa, su kuwa maza kowa ya shige nasa ya turo ƙofa yana rubuta maƙala. Ana yabona ko'ina, ana cewa ba a taɓa ganin mai haƙuri irina ba, ni kuma yabon nan ya zame mini kamar zuma. Da lokacin ƙarin girma ya zo, kwamiti bai tambayi wanda ya raka ɗalibai asibiti ba. Maƙalu aka duba, nawa kuwa ba su kai ba. Farfesa Garba da kansa ya jajanta mini, ya ce in ƙara himma.

Ba ina ce miki ki zama marar tausayi ba, Hafsatu. Ɗalibar da ta zo miki da kuka, ki saurare ta. Amma ranar da aka turo miki biro a taro, ki ɗauka ki rubuta, a taro na gaba kuma ki tura wa na kusa da ke, ki ce, "Na yi na wancan, yau sai Malam." Ki faɗe shi da murmushi, ki faɗe shi tun da wuri, don abin da aka saba da shi a watan farko shi ke zama doka. Ki ware wa bincikenki lokaci kamar yadda kike ware wa salla, ki rufe ƙofa. Wanda ya ƙwanƙwasa zai dawo.

Duk da haka na yi bincike guda ɗaya da har gobe in na tuna shi sai zuciyata ta yi sanyi. Akwai tsofaffin irin shinkafa da matan bakin Kwara ke ajiyewa tun kaka da kakanni, irin da ke jure ambaliya, ruwa na hawa tana ƙara tsawo. Sabon iri ya fara korar su, na ga in ba a tattara su ba za su ɓace. Sai na riƙa dawowa gida kowane ƙarshen damina, ina bin ƙauyuka daga Illo zuwa Lolo, har in tsallaka iyaka in shiga ƙasar Benin, inda dangin kakarki suke. Can babu mai tambayarki takarda in kin iya gaisuwa da Dandanci, harshen mutanen wajen. Maza masu bincike sun sha zuwa, iyakarsu zaure. Ni kuwa har ƙuryar ɗaki ake shiga da ni, a sauko da tukunya, a buɗe, a zuba mini tsaba a tafin hannu, wata ja, wata baƙa, wata mai dogon gashi kamar gemun akuya.

A shekara ta ƙarshe ke ce goye a bayana. Ina tuna wata safiya da muka ratsa fadama cikin ƙaramin jirgi, shinkafa ta rufe ruwa gaba ɗaya, har ya zama kamar a kan ciyawa muke tafiya. Zangarniya na shafar gefen jirgi tana wata ƙara mai taushi, furen bado ya buɗe nan da can, ke kina barci, numfashinki na dukan wuyana. Wata tsohuwa mai suna Gwaggo Zalika ce ke tuƙa mu da gora. Ta waiwayo ta ce, "Ɗiyar nan taki ta sha iskar fadama tun ba ta san kanta ba. Wagga ba ta zama gida." Na yi dariya. A ranar ina ganin kaina a tsaye cikin wani babban ɗakin taro, ina ba mutanen duniya labarin waɗannan mata da tukwanensu.

Ɗakin taron kuwa ya zo. Aka gayyaci sashenmu wani taron masana a ƙasar waje, kuma aikina aka zaɓa. Farfesa Garba ya kira ni ofishinsa, ya sa aka kawo mini lemo. Ya ce, "Hajiya, abin alfahari ne. Sai dai ga goyo, ga maigida. Ba ma son mu jawo miki matsala a gida saboda aiki. Ni zan wakilci sashe, ki ba ni abin da kika tara."

Na ce, "To, ranka ya daɗe. Na gode da ka duba mini."

Godiya na yi, Hafsatu. Na kwashe komai na kai masa da hannuna. Bayan wani lokaci maƙala ta fito a mujalla, da sunansa da na wani abokinsa da bai taɓa taka fadamar Lolo ba. Nawa sunan yana can ƙarshe cikin godiya, an ce na taimaka wajen yi wa matan ƙauye tafinta. Da na zo neman digiri na uku da wannan aiki, aka ce ai an riga an buga shi da sunan wasu, sai dai in soma wani sabo. Na ce zan soma baɗi. Baɗin nan ita ce ba ta zo ba.

Babanki bai san da maganar ba sai da aka daɗe. Wata rana muna cin tuwo na ambata ta a cikin hira, kamar abin da ya wuce. Ya cire hannu daga kwano, ya dube ni ya ce, "Mi ya hana ki gaya mani?"

Na ce, "Na ɗauka ba za ka bari ba."

Ya ce, "Kin tambaye ni na hana? Ga Inna nan da ranta, ga ƙannena. Wa ya ce maki ba a iya riƙon yarinya mako guda? Wani ƙato can ya yanke hukunci da sunana, ke kuma kinka sa mashi hannu."

Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci kamar ranar ba. Bai ƙarasa tuwon ba, ya fita masallaci tun ba a kira salla ba. Ni kuma na zauna ina kallon kwanon, na gane cewa ƙofar da na yi shekaru ina cewa an kulle mini, ko taɓa ta ban yi ba balle in san a kulle take.

Don haka in wani ya ce miki yana tausaya miki ne shi ya sa zai karɓi abin da yake naki, ki ce masa kin gode, za ki yi shawara a gida. Ki je ki yi shawarar da gaske. Kada ki ɗauka wani zai ce miki "a'a" tun bai buɗe baki ba, ko miji ne, ko mu iyayenki. Kuma duk aikin da za ki yi da wani, ko malaminki ne da kike jin nauyinsa, ku yi maganar suna tun kafin a fara, wa zai zo farko, wa zai biyo. Za ki ji kunya, na sani, da ita aka yi renonmu. Kunyar minti kaɗan ce. Wadda na ji ranar da na ga mujallar nan har yau ba ta sake ni ba.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne wanda zan faɗa miki yanzu, kuma ko babanki bai san shi duka ba.

Na yi shekaru ni kaɗai, sannan aka ɗauki wata yarinya, Lubabatu, 'yar Kamba. Ta dawo da digirinta na uku tana da ƙuruciyarta, ga kai, ga baki. Anti take ce mini. A taronta na farko aka turo mata tiren shayi, ta dubi tiren, ta dubi wanda ya turo, ta ci gaba da rubutunta. In ana magana aka katse ta, sai ta ce, "Ban gama ba, Farfesa," ta ƙarasa. In an ce mata Hajiya ko Amarya, ta ce, "Dakta Lubabatu." Ɗalibai na son ajinta, ɗakin gwaje-gwajen da ya yi shekaru a rufe ita ta share shi ta tayar da shi.

Ya kamata in yi murna. A fuska na yi. A ciki kuwa wani abu ne ke cina, don duk abin da ta ƙi yi, ni na yi shi shekara da shekaru ina godiya, kuma ga shi ta ƙi, sama ba ta faɗo ba. Na kira ta ofishina na ce, "Lubabatu, ki riƙa sassautawa. Nan wurin sai da haƙuri." Ta ce, "Anti, haƙurin da kika yi, me ya ba ki?" Ba da raini ta faɗa ba, tambaya ce ta tsakani da Allah. Amma na riƙe ta a zuciya.

Da aka zo tabbatar da ita a aiki, aka sa ni cikin kwamitin, don a ce akwai mace. Takardunta babu abin kushewa, kowa ya gani. Sai Farfesa Garba ya juyo gare ni ya ce, "Hajiya, ku mata kun fi sanin junanku. Yaya halinta?" A zamana a wannan sashe ban taɓa jin an tambayi halin namiji a irin wannan zama ba. Akwai wanda ke zagin ɗalibai a aji, akwai wanda sai ya ga dama yake shiga, duk an tabbatar da su. Na san haka sarai. Amma duk idanu na kaina, karo na farko ana jiran abin da zan ce, sai na ji bakina ya ce, "Tana da ƙoƙari. Sai dai akwai ɗan zafin kai, ba ta cika jin shawara ba."

Shi ke nan abin da na faɗa. Na ga an gyaɗa kai, na ga an rubuta. Aka ɗage tabbatar da ita, aka ce a ƙara lura da ɗabi'arta. Shekara ba ta zagayo ba ta ajiye aiki. Ranar da ta kwashe littattafanta ta leƙo ofishina ta ce, "Anti, sai wata rana." Na ce Allah ya kiyaye hanya, ina ta jujjuya takardun da ba karanta su nake ba. Aka sake kulle ɗakin gwaje-gwaje, ni kuma na koma zama mace ɗaya tilo, uwar sashe.

Bayan na yi ritaya, wata ranar kasuwar Lolo na je gaida dangi. Da yamma na sauko bakin ruwa zan shiga jirgi, sai na ji an ce, "Anti." Na waiwaya, ga Lubabatu, ta yi jiki, furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwali. Ta zo sayen shinkafa ne don makarantar 'yan mata da ta buɗe a Kamba. Jirgi ɗaya muka shiga, muka zauna kan buhunanta. Rana ta yi ƙasa, ruwa ya koma kamar narkakken jan ƙarfe, masunta na jefa birginsu na kamun kifi daga nesa ba a jin ko motsinsu. Muka yi ta hirar 'ya'ya da ciwon gwiwa. Sai da muka kai tsakiyar kogi na samu ƙarfin cewa, "Lubabatu, ni na yi maganar nan a kwamiti."

Ta ce, "Na sani, Anti. Tun a ranar aka gaya mini."

Ta sa hannu cikin ruwa tana wasa da shi. Sannan ta ce, "Da namiji ne ya faɗa, wallahi da na kai ƙara har gaba, kuma da na ci. Da aka ce ke ce, sai na koma gida na zauna ina tunanin ko gaskiya ne, ko ni ce ba ni da hali. Wannan tunanin ne ya fitar da ni."

Na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe tun da daɗewa, makarantarta na tafiya, 'yan matanta na shiga jami'a, ba ta rasa komai ba. Sai kuma ta yi ɗan murmushi ta ce, "Amma har yau in na shiga asibiti na ji warin sinadari, sai in tuna ɗakin nan nawa. Akwai abin da nake gab da ganowa a lokacin. Ban san ko wani ya gano shi ba." Da jirgi ya tsaya ta riƙe hannuna har na taka tudu, ta sa yaran mota suka ɗora mini kayana, muka rabu.

Hafsatu, wata rana za a juyo gare ki a cikin taro a tambaye ki halin wata mace. Za a yi miki tambayar da girmamawa, za ki ji kin zama wata. Ki ce, "Ga aikinta nan a gabanmu, a kansa aka tara mu." In sun nace, ki tambaye su ko haka aka yi wa wanda ya gabace ta. In kuma kika ga wata ta zo bayanki ta fi ki ƙarfin hali, zuciyarki ta fara yi miki zafi, ki sani ba ita ta jawo zafin ba. Ki yi alwala, ki je ki ƙwanƙwasa ƙofarta ki tambaye ta me take bincike a kai. Kujerar mace ɗaya tilo a cikin maza tana da daɗin zama, ana nuna ki ga baƙi, ana yabonki. Na zauna a kanta har na tsufa, ban tashi da komai ba.

Kada wannan ya sa ki shiga wurin da ɗamarar faɗa. Za ki samu maza masu adalci, irin babanki, za ki samu malamai da za su buɗe miki hanya don Allah. Ki girmama na gaba da ke, ki gaida masu shara da masu gadi, ki shiga ajinki a kan lokaci da shirinki. Zamaninku ma ya fi namu, yanzu akwai mata farfesoshi da ake jin sunansu. Sai dai tiren shayin nan bai mutu ba, kamanni kawai yake sakewa, ke za ki gane shi in ya zo.

Na sa miki yaji da kuka da busasshen kifi a cikin bokitin nan mai murfi, kada ki bari a ɗora masa kaya. Ki riƙa kiran babanki ko ba ki da abin faɗa, ba zai nuna miki ba amma shi zai fi ni kewa. Ki riƙe sallarki da azkar ɗinki na safe da yamma. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya kare ki daga sharrin mai sharri da hassadar mai hassada, ya sa iliminki ya amfane ki ya amfani jama'a. Allah ya ba ki bakin faɗin gaskiya a inda na yi shiru, ya yi miki albarka duniya da lahira.

Gobe babanki ne zai kai ki tasha. Ni ba zan je ba, don na san kaina, zan ba ki kunya a gaban direbobi. Zan riga ku fita in tafi gona. Lokacin da kike karanta wannan kin riga kin wuce, to bari in gaya miki: in kin tuna, bayan kun bar gari, inda hanya ke gangarawa fadama, akwai wata mata da farin mayafi a tsaye kan kunyar gona ta hannun dama, ta juya wa titi baya kamar tana duba shuka. Ni ce. Na ji ƙarar motarku tun daga nesa, kuma ban daina yi miki addu'a ba har ta ɓace.

Wassalam.

Innarki,
Saratu